Goma Sha Bakwai Bisa Goma Sha Ɗaya

Litinin, 3 ga wata, 8:15 na safe

Na'urar awon hawan jini da Auta ta aiko ta iso. Fara ce, tana da ɗamarar da ake ɗaurawa a dantse da ɗan gilashi mai nuna lamba. Tun bara da Auta ta ja ni gaban likita kamar rago, aka ɗora ni kan ƙwaya ɗaya kullum, take min naci a waya wai ba na komawa awo. To ga awo ya biyo ni gida.

Na gwada. 138 bisa 86. Daidai da abin da ake samu a asibiti, kuma ban taka asibitin ba. Wannan shi ne babban amfaninta.

Akwai ɗan littafin bayani a cikin kwalin. Gwamnati, wato matata, wadda shekara talatin da huɗu ban taɓa kayar da ita zaɓe a gidan nan ba, ta ce, "Malam, ka karanta kafin ka ɓata wa yarinya kaya." Na tuna mata cewa shekara talatin da ɗaya na yi a gidan waya ina auna wasiƙu da ƙunshi, babu ma'aunin da zai zo ya koya min aiki da tsufana. Na ninke littafin na tura ƙarƙashin ƙafar teburin kicin da ke rawa. Tebur ya daina rawa.

Agogon jikin na'urar ya yi baya da awa biyu. Ba na zama da agogo maƙaryaci.

Litinin, 5:40 na yamma

Na gyara agogon. Maɓallai uku ne. Na danna su ɗai-ɗai, na danna bibbiyu, na danne na tsakiya har ta yi ƙara. Yanzu lokaci ya zauna daidai.

Talata, 4 ga wata, 7:05 na safe

17.6 bisa 11.2.

Talata, 7:20

17.9 bisa 11.3.

Talata, 7:50

Na sauya hannu. Na sauya batir. 17.5.

Talata, 2:30 na rana

Na tuna sarai likita ya ce idan na sama ya sauka ƙasa da casa'in a garzayo. Nawa bai kai ashirin ba. A ƙa'ida bai kamata in iya riƙe biron nan ba. Na miƙe tsaye don in gani, na tsaya. Na taka zuwa ƙofa na dawo. Jikina bai samu labari ba tukuna.

Gwamnati ta leƙo ta ce nawa ta nuna yau. Na ce, "Lafiya lau." Na sa na'urar a durowar da nake ajiye takardun fansho na kulle.

Ba zan rubuta sunan abin a littafin nan ba.

Laraba, 5 ga wata, 7:00 na safe

17.4 bisa 11.0. Ana ta sauka.

Na yi tunani irin na mai hankali. Ƙwayar nan aikinta saukar da jini ne. Mutumin da ya riga ya kai ƙasan rijiya ba a ƙara masa igiyar sauka. Daga yau na daina sha. Gwamnati tana kawo min ita da ruwa kullum bayan karin kumallo, ta tsaya a kaina. Na koyi ɓoye ta a kumatu. Ina tara su a gwangwanin tsofaffin kan sarki.

Asibiti kuwa a'a. Na san barandar nan, na san benci, na san warin. Inna, mahaifiyarmu, da ƙafarta ta ce za ta fito, amma a can ta cika.

Alhamis, 6 ga wata, 11:00 na safe

Idan gishiri yana hawar da jini, kamar yadda aka hana ni shi shekara guda, to gishiri ne maganina. Na zuba rabin cokali a shayi. Ban taɓa sanin shayi zai iya tsanar mutum ba sai yau. Na shanye.

Na wanke kofina da kaina, na wanke nata. Gwamnati ta tsaya a bakin kicin tana kallona.

Ta ce, "Me ka fasa?"

Na ce ban fasa komai ba.

Ta buɗe kabad ta ƙirga farantai.

Juma'a, 7 ga wata, 4:10 na yamma

18.3. An ɗan motsa.

Na zauna na rubuta mutanen da ya kamata in nemi gafararsu kafin lokaci. Na ɗauka za su kai arba'in, sai na ga shida ne, sauran su ya kamata su nemi tawa. Akwai na bakwai. Na ja layi kawai a wurin sunansa.

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki a layin bayan tasha. Tafiyar minti ashirin da biyar daga nan. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba ma magana.

Zan fara da masu sauƙi.

Asabar, 8 ga wata, 9:30 na safe

Na fara da Gwamnati. Na same ta tana shanya, na ce, "Kin tuna shuɗin zanen nan naki da ya ƙone a guga, na ce wuta ce aka kawo da ƙarfi?"

Ta ce, "Na tuna."

Na ce, "Ni ne. Rediyo nake saurare na manta dutsen guga a kai. Ki yafe min."

Ta matse riga ta shanya, ta ce, "Malam, ran nan ai babu wuta ma. Na gawayi ka yi amfani da shi." Ta ce shekara goma sha tara tana jira ta ga yaushe zan gaji. Sannan ta ɗora bayan hannunta a goshina.

Ta ce, "Me ka fasa?"

Lahadi, 9 ga wata, 7:10 na safe

19.2 bisa 12.0. Gishiri yana aiki. Saura ɗari da ɗaya in koma mutum.

Litinin, 10 ga wata, 1:45 na rana

Yau da tabarau na duba, na ga wasu ƙananan haruffa a gefen lambar: kPa. Na ɗauka sunan kamfanin ne, amma na san na taɓa ganinsu a wani wuri. Sai na tuna: jikin agogon iskar mai facin taya da ke kan kwanarmu. Na sa na'urar a leda na tafi.

Na same shi yana tsoma tiyub a baho yana neman huji. Mutumin kirki ne, shekarunsa kamar arba'in da biyar, surutu dai. Na ce tambaya ce ta wani abokina. Ya goge hannu a wando ya duba.

Ya ce, "Baba, ai wannan kilofaskal ne. Ma'aunin iska ne. Ga shi nan a agogona, baƙin layi fi-es-ai, jan layi kilofaskal."

Na ce to goma sha tara fa, yaya take a wajensu?

Ya ce, "Tayar ƙaramar mota ɗari biyu da ashirin muke ba ta. In kana son ka mayar fi-es-ai, ka raba da bakwai." Ya tsuguna ya zana da ƙusa a ƙasa. Ya daɗe. Ya ɗago ya ce, "Biyu da ɗan wani abu. Baba, abokin nan naka yana tafiya da ƙafarsa?"

Na ce yana tafiya.

Ya ce, "To a kan rim yake tafiya, ƙarfen taya zalla. Ko ƙwallon yara ta fi shi iska."

Ban san sanda na ce masa ni ne ba. Ya miƙe ya ba ni bencinsa, ya kore ƙuda daga kafaɗata. Sannan ya ce wataƙila na'urar ce ta lalace, a gwada shi a gani, shi da ko mura ba ya yi. Na ɗaura masa.

15.9 bisa 10.4.

Tiyub yana ta fitar da kumfa a baho. Can ya ce dama kwana biyun nan in ya miƙe da sauri yana ganin duhu-duhu. Ya ce ko na'urar ce dai? Na ce Auta ba ta sayen abin banza. Ya ce haka ne, ya san ta tun tana makaranta.

Na gaya masa maganar gishiri. Ya rufe rumfa tun kafin la'asar.

Talata, 11 ga wata, 7:00 na safe

20.1. Na haye ashirin. Na ci kifin gwangwani biyu a ɓoye a bayan tankin ruwa.

Laraba, 12 ga wata, 5:20 na yamma

Na gama da mutum huɗu. Tsohon shugabana na gidan waya bai gane ni ba, ya yafe min duk da haka, ya kuma ce in gaishe da mahaifina. Maƙwabcinmu da na sare wa reshen bishiya ya ce ba komai, sannan ya yi minti arba'in yana bayanin yadda reshen yake.

Daga can ƙafata ta bi ta bayan tasha. Ba niyya na yi ba, hanya ce.

Na tsaya a tsallaken titi, bayan wata motar kaya. Ƙanena yana tsugune gaban wani firij ya juya baya. Kansa ya yi fari fat. Babu wanda ya gaya min. A raina har yanzu baƙin gashi gare shi. Da ya miƙe sai ya dafa ƙugu da hannun hagu, yadda Baba yake yi.

Tsohuwar motarsa tana nan a gefen shagon. Ita ce dai. Ya sake mata fenti.

Motar kayan ta tashi ta bar ni a fili, na dawo gida da sauri. Ga mai jini ashirin, na yi gudu ba laifi.

Alhamis, 13 ga wata, 7:05 na safe

21.3 bisa 13.0. Kaina yana ɗan sarawa ta ƙeya. Ina jin jini ne yake komawa wuraren da ya bari.

Alhamis, 3:00 na rana

Auta ta kira. Ta ce, "Baba, nawa take nunawa?" Na ce tana hawa a hankali. Ta ce, "Hawa kuma?" Na ce ina nufin sauƙi yana hawa. Na ce mata ita yarinyar kirki ce, tun tana ƙarama ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ta ce in ba Mama wayar. Na ji Gwamnati a ɗaki tana cewa, "Ni ma ban sani ba, na duba komai, babu abin da ya fashe."

Juma'a, 14 ga wata, 10:00 na safe

Gwamnati ta ce gishirin gidan nan yana da ƙafa.

Asabar, 15 ga wata, 6:15 na yamma

22.6.

Ba zan rubuta abin da na ce wa ƙanena a barandar asibitin ba. Ya ce motar ce ta ƙi tashi. Awa biyu muna jiransa ya zo ya kai Inna asibiti, tana zaure tana cewa kada a tsawata masa in ya zo. Likitan ma ya faɗa daga baya, da bakinsa, cewa ko da an kawo ta tun safe, ba za ta tashi ba. Na ji shi sarai. Amma na riga na faɗa, a gaban matarsa, a gaban mutane, kuma ni ne babba.

Babba ba ya rasa hanyar fara magana. Ni dai ban same ta ba.

Lahadi, 16 ga wata, 7:00 na safe

23.5 bisa 14.1. Kunnena yana ƙara kamar an bar rediyo ba tasha. Na lissafa, in ana hawa ɗaya a rana, sai bayan wata uku zan kai ɗari da ashirin. Ba na jin ina da wata uku. Gishirin ma ya fara fita raina.

Na hango mai faci daga nesa, ya rame. Ya ɗaga min leda, na ga gyaɗa mai gishiri ce. Na ɗaga masa hannu.

Litinin, 17 ga wata, 7:10 na safe

24.4 bisa 14.7. Na ga lambar biyu-biyu sai da na rufe ido ɗaya.

Yau zan je wurin ƙanena. Zan tafi da na'urar. In bakina ya ƙi, ita ta yi bayani.

Talata, 18 ga wata, 10:30 na safe, a gadon asibiti

Gwamnati ta kawo min littafin nan da biro, ta ajiye a kan cikina ta juya min baya. Wannan ya fi faɗa ciwo. Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara labarin ba.

Na isa shagon wajen ƙarfe tara. Yana ɗaura wasu tiyo ja da shuɗi a bayan firij, da agogo biyu a rataye. Na yi sallama. Ya amsa bai juyo ba, sannan ya tsaya cak, ya juyo.

Ya ce, "Yaya."

Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu. Na ciro na'urar daga leda na danna wurin da take ajiye awon baya, na miƙa masa. Na ce, "Ka gani. Jinina ke nan. Ya kamata ya zama ɗari da ashirin. Saura ƙiris, shi ya sa na zo. In ta faru, ka yafe abin da ya wuce."

Ya karɓa. Ya laluba aljihu ya sa tabarau, shi ma tabarau yake sawa yanzu. Ya duba, ya matso da ita kusa da fuska, ya sake dubawa. Na ga bakinsa ya motsa kamar mai shirin kuka, na ce a raina to ga shi nan, na gyara tsayuwa in rarrashe shi.

Ya ce, "Wa ya taɓa maɓallan nan?"

Na ce agogo kawai na gyara.

Ya zauna a kan wata tukunyar gas ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna girgiza. Ashe dariya yake. Shekara goma sha ɗaya ban ji dariyarsa ba, kuma da na ji ta, ni ake yi wa.

Ya ce, "Yaya, ka juya ta zuwa kilofaskal ne. Likitoci da milimitar zaiba suke auna jini. Matsin ɗaya ne, ma'aunin ne daban. Kamar giram da oza a gidan wayarku."

Giram da oza. Ni da na yi shekaru ina yi wa sababbin ma'aikata tsawa a kan giram da oza.

Ya ce kowane kilofaskal ɗaya milimita bakwai da rabi ne. Ya ɗauki alli ya rubuta a ƙofar wani firij: 17.6 sau 7.5. Ya fitar da 132. Ya ce, "Ka ga ranar farko lafiyarka ƙalau." Yana ta dariya yana danna na'urar yana bin kwanaki. Sai dariyar ta fara raguwa. Ya rubuta 24.4 sau 7.5. Ya ja layi. 183. Ya rubuta na ƙasa. 110.

Ya ce, "Kana shan magani?"

Na ce na dakatar, saboda dalili.

"Tun yaushe?"

Na ce kwana goma sha biyu. Don in nuna masa ban zauna haka kawai ba, na gaya masa maganar gishiri.

Ban taɓa sanin ƙanena ya iya tsawa ba. Ya ce, "Gishiri? A shayi? Yaya, kana da hankali kuwa?" A gaban mai kawo firij, a gaban mai shagon kusa. Na buɗe baki in tuna masa waye babba, sai na ga allin ya karye a hannunsa.

Bai ko rufe shagon ba. Ya tura ni cikin motar nan, ya zagaya ya shiga, ya murɗa makulli. Ta tashi bugu ɗaya. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana ta hon, gumi yana bin wuyansa. Minti goma sha ɗaya muka yi. Na duba agogo, shi ma na ga ya duba.

A barandar na ja na tsaya. Benci yana nan inda yake. Ya kama dantsena ya ce, "Wuce, Yaya." Na wuce.

Nas ta auna ta samu 186 bisa 112. Ta tambayi abin da ya faru, ƙanena ya ba ta labari tun daga agogo. Ta ce in ba ta minti ɗaya, ta fita. Na ji ta a waje tana kiran wata.

Talata, 4:00 na yamma

Likita ya ce da na ƙara mako guda a kan wannan maganin nawa, da labarin ya sha bamban. Ya zo da ɗalibai biyar. Ya ce in maimaita musu da bakina.

Gwamnati ta gano gwangwanin kan sarki. Ta kawo shi ta juye a kan bargo, ta ƙirga ƙwayoyin a gabana ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ta ce, "Ka ɗauka tafiya za ka yi, ka je ka nemi gafarar mai bishiya, ni kuma ba ka ga ya dace ka gaya min ba?" Na ce ban so hankalinta ya tashi ba. Ta ce, "Zanen da ka ƙona na yafe. Wannan sai na yi shawara." Ta juya tana gyara labulen da babu abin da ya same shi, ta daɗe tana gyarawa.

Ƙanena kuwa ya zauna har aka ce jinin ya fara sauka, sannan ya ce ya bar shago a buɗe.

Laraba, 19 ga wata, 12:20 na rana

An sallame ni. 148 bisa 92, da lambobin mutane. Kafin ƙanena ya tafi ran nan ya danne maɓallin tsakiya ya mayar da na'urar yadda take. Gwamnati ta karɓe makullin durowa.

Na rubuta a nan don kada in sake:
Kilofaskal 1, milimitar zaiba 7.5.
Fi-es-ai 1, kilofaskal kusan 7.
Mutum ba taya ba ne.

Laraba, 12:40

Mai faci!

Laraba, 3:15 na rana

Na je da kaina, Gwamnati tana biye da ni kamar ɗan sanda. Na zana masa a ƙasa da ƙusarsa: 15.9 sau 7.5, 119. Na ce duk layin nan babu mai lafiyarsa, ya zubar da gyaɗar nan.

Na ɗauka zai rungume ni. Ya zauna a kan taya ya riƙe kai. Ashe ni da na ga tafiya ta zo gafara na bi ina nema, shi kuwa gaskiya ya bi mutane yana gaya musu. Ya gaya wa surukarsa abin da yake ransa tun ranar da ya fara ganinta. Ya gaya wa mai gidan da yake haya. Ya gaya wa wani direba cewa ba taya ce matsalarsa ba, tuƙi ne bai iya ba.

Ya ce, "Baba, yanzu ke nan zan rayu da mutanen nan?"

Na ce bisa lissafi, shekaru masu yawa.

Ya ce in sake duba lissafin.

Juma'a, 21 ga wata, 5:00 na yamma

141 bisa 88. Miya ba gishiri. Na yi ta duban hanya ko ƙanena zai leƙo. Bai zo ba.

Asabar, 22 ga wata, 5:30 na yamma

Bai zo ba. Ai yana da aiki.

Lahadi, 23 ga wata, 11:00 na safe

Na yi ta juya abin da na ce masa a shago. "In ta faru, ka yafe." To ba ta faru ba. Wasiƙa ce na aika ba adireshi. Kuma ban ce na yi kuskure ba, cewa na yi zan tafi.

Na zare filogin firij ɗinmu na ce wa Gwamnati ya lalace, ko za a kira mai gyara. Ta zagaya baya ta mayar da filogin, firij ya ɗauka. Ta ce, "Malam, ƙafarka ba ta lalace ba."

Litinin, 24 ga wata, 2:10 na rana

Na je. Ban ɗauki komai a hannu ba.

Lissafin yana nan a ƙofar firij ɗin, bai goge ba. Yana cin burodi da shayi a kan benci. Ya matsa min na zauna. Ya tambayi jini, na gaya masa. Ya ce madalla. Muka kalli titi.

Na ce, "Maganar da na yi a barandar nan." Ya ajiye kofin. Na ce, "Ba kai ba ne. Likita ya faɗa, na ji, tun ranar na sani. Tsoro ne ya kama ni na rasa wanda zan kama sai kai. Na zalunce ka."

Ya daɗe yana murza burodi a yatsa har ya zama gari.

Ya ce, "Ni na yarda da kai ai, Yaya. Duk shekarun nan na ɗauka ni ne." Ya nuna motar da haɓa. Ya ce tun daga ranar, kowace safiya kafin ya buɗe shago sai ya tayar da ita ya ji ta tashi, ko babu inda za shi. Batir biyu yake ajiyewa.

Na cire tabarau na goge, na mayar, na sake cirewa. Wata mata ta zo da maganar firij ɗinta ba ya ƙanƙara, ta dube mu, ta ce za ta dawo gobe.

Da zan tafi ya raka ni har bakin titi. Ya ce babbar 'yarsa ta haihu bara, namiji. Ya ce yaran suna tambaya wai da gaske suna da wani baba a garin nan. Na ce su zo su gani da idonsu. Ya ce sai ya tambayi mai ɗakinsa, don ita ma tana barandar ran nan. Na ce ya gaya mata ita ma ina da magana da ita, kuma a tsaye zan yi ta.

Alhamis, 27 ga wata, 7:00 na safe

134 bisa 84. Gwamnati ta ce ta gama shawara, amma ba za ta sanar da sakamako yanzu ba.

Asabar, 29 ga wata, 6:20 na yamma

Sun zo su tara. Kujerunmu shida ne. Ni a kan bokiti na zauna, da jaririn a cinya.